Ɗalibar da Ba Ta Surutu

Sau biyar Fuseina tana kiran wayar 'yarta, sau biyar wayar tana ƙara har ta katse. Tana tsaye a banɗakin wani ɗaki a hawa na tara na otal ɗin da take shara a Lusail, can ƙasar Larabawa, ta rufo ƙofa don kada shugabar aiki ta gan ta da waya. Soso na hannunta, kumfa na ɗiga kan takalminta. Ƙarfe ɗaya saura kwata na rana. Wata huɗu ke nan kullum war haka take kira, kuma Haulatu ba ta taɓa barin wayar ta yi ƙara biyu ba.

Ta kira mijinta Gafaru, ko da yake ta san wayarsa na kulle cikin lokar wurin aiki har sai ya tashi daga lodin jakunkuna a filin jirgi. Shiru.

A bakin lif ta yi kiciɓis da shugabar.

"Ina zuwa? Ɗaki shida ya rage miki."

"'Yata ce."

"In kika fita yanzu, ke kika sani."

Fuseina ta danna maɓalli, ƙofar ta rufe tsakaninsu.

*

A cikin jirgin ƙasa ta kasa zama. Ta riƙe ƙarfe tana kallon dogayen gine-gine suna wucewa cikin ƙwallelliyar ranar watan Yuni, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Da can Haulatu makaranta take zuwa kamar kowace yarinya 'yar shekara tara, da jaka da ƙawaye. Sai kamfanin Gafaru ya koma hannun wani sabon kafil, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙin ma'aikata, takardun iyali suka maƙale a tsakani, iƙamar yarinyar, wato takardar izinin zama, ta ƙare ba a sabunta ba. Makaranta ta ce sai takarda ta fito. Wata ɗaya ya zama biyu.

Gafaru ne ya dawo wata rana da murna. Wani abokin aikinsa ya nuna masa shirin makarantar gwamnati ta intanet daga can gida, wanda ba ya tambayar iƙama.

"Malamai na gaske ne, Fuseina. Tana zaune a ɗaki karatu zai same ta."

"Wa zai zauna da ita?"

A haka aka bar maganar. Suka samo tsohuwar kwamfuta. Suka kafa wa yarinyar dokoki uku: kada ta leƙa waje, kada ta amsa wa kowa, kada ta yi motsin da za a ji. Gidan da suke haya a Al Wakrah an yayyanka shi da katako, iyali goma sha ɗaya a ciki, kuma ba a san bakin kowa ba. Yarinyar da ba ta da takarda, kalma ɗaya ta isa ta kore su gaba ɗaya. Ko maƙwabta ce musu aka yi ta koma makaranta. Kullum da asuba Fuseina takan kulle ƙofar ta waje, ta ce, "Ki yi karatu, kin ji?" Daga ciki a ce a hankali, "To, Mma."

Sai a tashar ƙarshe ta tuna da esi, na'urar sanyaya ɗakin. Kwana takwas yana tari yana zubar da ruwa, mai gidan hayar yana cewa gobe.

*

Zafin da ya buge ta da ta buɗe ƙofa kamar na bakin tanda. Ɗakin ba shi da taga. Esin ya mutu. Kwamfutar tana kunne a kan katifa, muryar malama na fitowa daga ciki tana bayanin rabe-raben lamba, Haulatu kuwa tana kwance a ƙasa, kumatunta manne da tayil, robar ruwa babu ko ɗigo a gefenta.

Ihun da Fuseina ta yi ne ya tayar da Jane, ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan da ke ɗakin gefe, wadda ke barcin rana bayan aikin dare. Ta shigo da ɗaurin ƙirji, ta taɓa goshin yarinyar, ta sungume ta zuwa nata ɗakin mai sanyi.

"Kawo tawul! Jiƙa shi! Buɗe firij, akwai ƙanƙara!"

Suka cire mata riga, suka sa ƙanƙara a hammatarta da wuyanta. Jane na kirga bugun jijiyar hannunta tana kiran sunanta.

"Maman Haulatu, asibiti za mu kai ta."

Fuseina ta durƙusa ta riƙe ƙafarta. "Sista, don girman Allah. Ba ta da iƙama."

Jane ta tsaya tana kallonta. "Ba makaranta kuka ce tana zuwa ba?"

"A ɗaki take yi. A kwamfuta."

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu."

"Minti goma na ba ki," in ji Jane. "In ba ta buɗe ido ba, da kaina zan kira motar asibiti, ki tsane ni in kin ga dama."

Kafin goman ta cika yarinyar ta motsa. Ta sha ruwan gishiri da sukari cokali-cokali, ta amayar, ta sake sha. Da idonta ya tsaya sosai, Jane ta sunkuya kusa da ita.

"Haulatu, katako ne kawai tsakanina da ke. Me ya hana ki bugawa?"

Yarinyar ta dubi uwarta tukuna. "Baba ya ce in an ji ni za a kama mu." Da raɗa ta faɗa, har sai da Jane ta kai kunne. "Amma na gaya wa malama."

Fuseina ta koma ɗakinsu ta duba kwamfutar. An kashe wa ɗalibai makirfo saboda hayaniya. Su ɗari biyu da wani abu ne a ajin. A gefen allo, inda yara ke turo amsa, ta yi ta ja sama har ta gano. Ƙarfe sha ɗaya da rabi: Malama, zafi nake ji. Bayan minti ashirin: Malama, kaina. Na uku haruffa ne kawai a hargitse. Amsoshin lissafi sun binne su duka.

*

Gafaru ya dawo bayan magariba. Ya ji labari a tsaye, sannan ya zauna a ƙasa da rigar aikinsa.

"Mu mayar da ita gida Kumasi," in ji Fuseina.

"Da wace takarda za ta fita? Sai an gyara iƙamar ko fita ce. Na je ofis jiya, sun ce in dawo bayan sati biyu."

"Haka suka ce tun watan azumi."

"To ya kike so in yi?" Ya rufe fuska da tafin hannu. "Faɗa min, wallahi zan yi."



Washegari ba ta je aiki ba. Mai gyara ya zo ya ɗaɗɗaure esin, ya ce zai ɗan kai wani lokaci kafin ya sake lalacewa. Da ajin ya buɗe, ta zauna kusa da 'yarta a kan katifa, karo na farko tun da aka fara. Juma'a ce, ranar yabon ɗalibai. Malamar ta karanto sunaye biyar, na uku ta ce, "Haulatu Gafaru. Ba ta taɓa fashi ba, ba ta taɓa damun aji ba. Ku yi koyi da ita."

Haulatu ta yi ɗan murmushi, ta ɗaga hannu ga allon. Kyamarar ta daɗe da lalacewa.

Da la'asar saƙon shugabar aiki ya shigo: gobe ƙarfe shida, ko kuwa khalas, wato a bakin aikinta. Jane ta ce za ta riƙa leƙowa, amma daga jibi an mayar da ita aikin safe.

Fuseina ta fita tsakar gida ta tattaro robobin ruwa da maƙwabta suka yar, guda bakwai. Ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta cika su, ta jera a gefen katifar, inda hannun yarinya zai kai ko da tana kwance.