Kwat ɗin Oga Boniface

Shekara talatin da ɗaya ina taka keken ɗinki a Fagge, ban taɓa duban idon mai kaya na ce masa ba zan iya ba. Haka maigidana ya koya mini, shi ma haka aka koya masa. Mutum ya tsallake teloli ashirin ya tako har shagonka, sai ka sallame shi da a'a? Sai dai ka ce a bari a gani, ko ka ce gobe in sha Allahu. Mai hankali zai gane da kansa, ya zo ya ɗauki kayansa ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Turanci kuwa da furfurata na shiga nemansa. Yaran Sabon Gari da nake yi wa ɗinki sun daina zuwa da ƙafarsu, sai dai su turo saƙon murya ta waya, su yi ta zuba kamar rediyo, in tsinci kalma biyu in zubar da goma. Shi ya sa duk Talata bayan la'asar nake rufe shago in tafi wurin Madam Ifunanya, malamar firamare da ta yi ritaya. A Kano aka haife ta, Hausa a bakinta ta fi ta wasu 'yan layinmu, amma da na zauna a barandarta sai ta ajiye Hausar gefe.

Ba ta wahalar da ni da littafi ba, ta ce Turancin tela za ta koya mini. Ta nuna mini yadda Bature ke liƙa wa kalma wata 'yar ƙarama a wutsiya, ma'ana ta juye. "Take in" rage riga ne, "let out" buɗa ta, "try on" gwadawa. Sai kuma a sa wata a gaba mai nuna nauyin maganar, ko alkawari ne, ko wataƙila, ko ba zai yiwu ba. Ta ce in haɗa ta ji.

Na ce, "I will take it in. I will let it out."

"Malam Tanimu, kullum will, will. Ina might? Ina can't?"

"Madam, waɗannan ba na tela ba ne."

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. "Shi ya sa ake zaginku ranar jajiberin Sallah."

Na ji haushi, don gaskiya ta faɗa.

Wata Talata, bayan mun gama, ta shiga ɗaki ta fito da kwat ruwan toka a rungume. Ta mijinta ce, Oga Boniface mai gyaran agogo, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce. Da yana raye ita yake sawa zuwa coci duk Lahadi. Ɗansu Chimezie zai yi aure nan da sati huɗu, ranar Asabar, kuma tana so ya shiga coci a cikinta. Ta miƙo mini awonsa a takarda.

Na san Chimezie, ƙato ne, ubansa kuwa siriri. Na juya cikin kwat ɗin na laluba ɗinkin baya da na gefe. Inci huɗu ake nema a ƙirji, rarar da aka bari ba ta kai faɗin yatsa ba. A nan take na san aikin ba zai yiwu ba.

Ta ce, "Can you let it out?" tana murmushi irin na malamar da ke jiran ɗalibinta ya burge ta.

Na ce, "I will let it out."

Har tafi ta yi mini.

Kada a ce ban yi komai ba. Na zaga Kasuwar Sabon Gari layi-layi, har wajen 'yan gwanjo, ina neman yadin da zan ƙara. Ban samu ba, don kwat ɗin ta koɗe da irin nata launin da ba a sayarwa. Satin farko na ce mata ina kai. Na biyu na ce saura kaɗan. Jira nake ta gane, yadda duk ɗan Fagge zai gane idan tela ya ce saura kaɗan sau biyu. Na manta da wadda nake magana da ita. Matar da ta yi shekara talatin tana koya wa yara cewa kowace kalma da nauyinta, abin da ka faɗa shi take ɗauka.

A Talata ta uku ta ce, "Na hana Chimezie ɗinka wata. Na ce masa Malam Tanimu ya yi alkawari."

Talatar da ta biyo baya ban je ba, na turo cewa aiki ya yi mini yawa. Ranar Laraba na shimfiɗa kwat ɗin a tebur, na ɗauki reza da niyyar farke bayan in saka wani ƙyalle mai kama da ita. Ɗinki uku na tsinke, sai na ga yadin yana bin rezar, ya yi laushi kamar tsohuwar takarda. In na ci gaba, ba ɗan kaɗai ba, ita ma uwar ba za ta sami abin ajiyewa ba. Na mayar da ɗinkin da hannu, na ninke ta na sa a leda.

Alhamis da safe na hau a-daidaita-sahu zuwa gidanta. Tsakar gidan cike da mata da manyan tukwane. Ta fito da fara'a, idonta a kan ledar. Na gaishe ta, na tambayi hidima, na tambayi baƙi, na sake tambayar hidima. Duk maganar da ta zo mini da Hausa sai in ji ta da wata ƙofar zillewa a jikinta, ni kuwa na gaji da zillewa.

Na ce, "Madam, I can't let it out."

Ba ta yaba wa Turancin ba. Da Hausa ta amsa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da kika ba ni."

"Jibi ne bikin, Malam Tanimu."

Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Na ce ta turo Chimezie yau, zan ɗinka masa sabuwa, kuma wannan na tabbata zan iya.

Ta ce, "Zan turo shi. Amma ba kwat muka rasa ba, kasuwa cike take da su. So nake ubansa ya shiga cocin nan."

Tausayinta ya kama ni, kunyar kaina ta rufe ni.

Ta zaro kwat ɗin daga leda ta warware ta. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta zura hannu ta saka a kan rigarta. Kafaɗun suka zubo, hannayen suka haɗiye yatsunta. Matan da ke yankan albasa suka juyo suna kallonta.

"Ragewa fa?" in ji ta. "Ka faɗa mini gaskiya."

"Ragewa za ta yiwu, Madam. Da hannu zan bi ta, ba da keke ba."

Ta miƙo hannu, na zaro fil daga aljihu na fara naɗe bakin hannun kwat ɗin. Ta sunkuyar da kai ta sa hancinta a wuyan kwat ɗin.

"Kada ka wanke ta," ta ce. "Kada kuma ka sa mata dutsen guga a nan. Har yanzu ƙamshinsa bai fita ba."