Wuƙar Bahago

Yatsu uku na hannun hagun Erizal a naɗe suke da filasta sa'ad da ya tsuguna gaban rumfar maƙeri a kasuwar Bukittinggi. Wuƙaƙe na jere kan tabarma, baƙaƙe ƙirin, bakinsu kaɗai ke ƙyalli.

Shekara ashirin ya yi yana kwandastan mota kafin ciwon gwiwa ya sauke shi. Innarsa Yusnidar ta ɗauke shi aiki a gidan abincinta, mako uku ke nan. Jiya ta ɗebi albasar da ya yanka ta nuna wa masu girki.

"Wannan yanka ne ko faskare? Kullum ka ce wuƙata ba ta ci. To je ka sayo taka. In har Juma'a haka nake gani, ka nemi wani aikin."

Shi ya san ba laifin wuƙa ba ne.

Maƙerin, wani tsoho mai suna Darwis, ya miƙo masa wuƙa da ɗanyar gwanda ta gwaji. Erizal ya karɓa da dama, ya yanka. Yankan ya fito da kauri, a karkace. Ya gwada ta biyu, ya gwada mai faɗi, ya gwada mai sauƙin nauyi. Ana cikin haka gwandar ta suɓuce ta nufi kwata, hannunsa na hagu ya cafe ta tun kafin ta taɓa ƙasa.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya ɗaure maka hagun nan kana yaro, don ka daina aiki da shi?"

Erizal ya waiga ko akwai mai ji. "Kakata. Da ɗankwali, ina shekara biyar."

"Allah ya jiƙanta. Amma yanzu ai ba ta nan."

"Abincin mutane ne, Baba. Har limamai suna ci a wurinmu. In na yanka da hagu a bayan labule, su ba su sani ba, ban ci amanarsu ba? In kuma na yi a fili, Inna ta kore ni."

"Maimaita yankan nan yadda ka saba. Yawwa. Tsaya haka, kada ka motsa. Wane hannu ne a kan abincin?"

Erizal ya duba. Damansa na riƙe da icen wuƙa. Hagunsa, da filastarsa da komai, ya danne gwanda.

"Mako uku kana damƙar albasar limamai da hagu, har da ɗan jini na ƙarin ɗanɗano," in ji tsohon. "Innarka kuwa ta fi shekara talatin tana yi. Ka riƙe wuƙa da hagu, dama ce za ta taɓa abinci. Kaf gidan abincin kai kaɗai za ka zama mai ladabi."

Dariya ta kufce wa Erizal, gajeriya, irin wadda ya daɗe bai yi ba.

"Waɗannan duk gefe ɗaya na wasa su, na masu dama ne." Tsohon ya ɗaga bakin tabarma ya zaro wata a naɗe cikin jarida. "Irin taku biyu nake ƙerawa duk wata. Ba na shimfiɗa su, masu saye ba sa son a gan su suna dubawa. Amma wata bai taɓa ƙarewa sun kwana ba."

Ba ta fi sauran kyau ba. Sai dai da ta zauna a tafinsa, kafaɗarsa ta sauka da kanta. Wuƙar ta ratsa gwandar ba tare da ya danna ba, yanka na bin yanka, sirara, har ana hango tabarma ta cikinsu.

"Ba ta son lemun tsami ya kwana a kanta. Ka goge, ka shafa man kwakwa. In bakinta ya yi baƙi kada ka dawo min da kuka, haka ƙarfen yake."

Washegari da safe Erizal ya yi tunanin lungun bayan tukwanen shinkafa, inda ba mai ganinsa. Ya wuce lungun. Ya ajiye katakonsa na yanka a tsakiyar tebur, kusa da Nurbaiti mai yankan barkono, ya kwance jaridar.

Ya ji lokacin da takun Inna ya tsaya a bayansa. Bai juya ba, bai kuma sauya hannu ba. Ya gama albasa ɗaya, ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta uku.

"Erizal."

"Na'am, Inna."

"Koma can ƙarshen tebur, ta hagu. Gwiwar hannunka na bugun ta Nurbaiti, kada ku yanka min juna." Ta juya za ta tafi, sai ta ƙara da cewa, "In ka gama, ga naman rendang can, wanda za a dafa da madarar kwakwa. Kada ka yi shi ƙanana."