Bakin Malam Rula

Sau biyu Auta tana zana jarrabawar shiga babbar makarantar kasuwanci, sau biyu lissafi yana kayar da ita. Ranar Asabar za ta sake, kuma shugabanta a kamfanin sabulu ya gaya mata gaskiya: in babu takardar nan, kujerar manaja ta wani ce.

Inna, mahaifiyarta, ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana da ido. Kullum da la'asar Auta kan baje littattafai a teburin cin abinci, Inna na gefe tana kallo. In shafin Turanci ne, fensir gudu yake. Da an zo shafin lambobi, sai macen da ke juya ma'aikata da kallo ɗaya ta cusa hannun dama ƙarƙashin cinya, ta sunkuyar da kai kamar mai jiran wani.

"Ke, wa kike jira?"

"Ba kowa, Inna."

"Ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba. Faɗi."

Auta ta yi dariyar yaƙe, sannan ta faɗa. A firamare akwai malamin lissafi, yara na ce masa Malam Rula. Yakan tsaya a kan mutum yana buga rula a benci, ƙwas, ƙwas, har amsa ta fito ko rular ta sauka a bayan hannu. Wata rana ya tsayar da ita gaban aji ya ce, "Kan wannan rariya ne. Har ta mutu lissafi ba zai zauna a ciki ba."

"Har yau in na ga lamba ina jin ƙwas ɗin a bayan kunnena. Amma ai ya wuce."

"Ya wuce gidan uban wa? Baki ya yi miki. Wanda ya tofa, shi zai lashe."

Washegari Inna ta ɗauki mayafi. Maigadin makarantar firamaren ya tura ta wurin wani mai kantin magani, shi kuma ya nuna mata wani tsohon bene. Duk hanya tana wasa maganarta kamar wuƙa.

Surukar malamin, matar ɗansa, ce ta buɗe ƙofa.

"Malam nake nema. Kuma ba gaisuwa ta kawo ni ba."

Matar ta dube ta a gajiye. "To Mama, shigo ki gan shi."

Ɗakin na warin man zafi. Malamin yana kan keken guragu a jikin taga, ɓarin jikinsa ya shanye, bakin ya karkace, an ɗaura masa tawul a wuya saboda yawu. Inna ta tsaya turus. Amma maganar da ta yi doguwar hanya ba ta komawa ciki.

"Kai ne mai rula? Ka ce kan 'yata rariya ne. Yarinya ta girma, ta haihu, har yau hannunta take ɓoye maka. Ban zo duka ba, ban zo ƙara ba. Janye maganarka kawai in tafi."

"Mama," in ji surukar, "tun da ciwon nan ya kayar da shi bai ce uffan ba."

Ido ɗaya ya juyo ya tsaya a kan Inna. Sai yatsan hannunsa mai lafiya ya ɗaga, farcen ya sauka a kan ƙarfen keken. Ƙwas. Ya jira. Ƙwas.

"Haka yake wuni," in ji surukar. "Jikokinsa ma sun daina shigowa."

Inna ta ji kamar an yi mata tambaya, ɗaki duka na jiran amsa, ita kuwa ba ta ma ji tambayar ba. Sai a matakalar bene ta lura hannunta na dama yana dunƙule cikin mayafi.

Da ta koma gida, ta tarar da Auta a tebur, hannu ƙarƙashin cinya.

"Kin same shi?"

Duk unguwa an san Inna ba ta ƙarya, ko ta faranta rai. Shi ya sa ƙawayenta ba su da yawa.

"Na same shi. Ya janye."

"Da bakinsa?"

"A'a, da ƙafarsa. Ke, yi aikinki."

Auta ta daɗe tana kallonta. A hankali ta zaro hannun, ta ɗauki fensir. Ta yi tambaya ɗaya, ta duba amsa a bayan littafi, ba daidai ba. Inna ta jira a rufe littafin kamar kullum. Sai Auta ta goge, ta sake daga farko.

Inna ta koma kujerarta. Babu motsin komai sai ƙarar fensir, sai kuma can a bayan kunnenta: ƙwas. Ta jira, ya sake zuwa. Ba ta juya ba. Ta gyara zama, ta danne hannunta da cinya, ta ce a ranta, zauna nan wurina, tsoho. Ni ba ni da jarrabawa.