Safiyar Zulaiha Ba ta Aro Ba Ce

A danginsu Zulaiha, duk abin da ya taso ita ake nema. In za a kai gaisuwar mutuwa Dabai, Zulaiha. In ɗan wani ya yi faɗa a makaranta aka ce a turo babba, Zulaiha. Dalilin da ake bayarwa ɗaya ne, kuma ba a ɓoye shi: ita ba ta zuwa ofis. Yayanta Jabiru ma'aikacin gwamnati ne, matarsa malamar makaranta ce, sauran ma kowa da inda yake sa hannu da safe. Ita kuwa yogot take yi a shagon da ke jikin gidanta a Zuru. A ganinsu lokacinta ruwan rafi ne, kowa ya zo da tulunsa ya ɗiba.

Babu wanda ya taɓa tsayawa ya ga yadda aikin yake. Adama, Bafulatanar da ke kawo mata madara, da sassafe take isowa. Daga nan sai tacewa, tafasawa, a jira ta huce daidai, a zuba mata iri, wato ɗan tsohon yogot, a lulluɓe. Madara ba ta san uzuri ba, balle da bazara.

A bazarar nan ce Madam Hannah, mai kantin kayan masarufi a bakin tasha, ta ba ta aikin da ba ta taɓa samun irinsa ba. 'Yarta Saloma za a ɗaura wa aure a coci ranar Asabar, kuma tana son kowane baƙo ya samu robar yogot mai sanyi a hannunsa maimakon lemon kwalba. Madara ta yi wuya a lokacin saboda shanu ba su da ciyawa. Sai da Adama ta bi ruga-ruga tana roƙo kafin ta haɗa abin da ake bukata, ta kawo shi ranar Alhamis cikin jarkoki a kan babura biyu.

Zulaiha ta ɗora tukunyar farko ke nan sai ga Jabiru. Ko sauka daga babur bai yi ba. Ya ce Goggo Asiya na son a ɗauko mata buhunan dawarta daga garin Kanya yau ɗin nan, don mutumin da ke noma mata gonar zai yi tafiya, dole wani na gida ya je ya tsaya a yi lodi. Shi yana da taro da manya a ofis. Ya riga ya yi magana da direba, mota na jiranta a tasha.

Ta nuna masa jarkokin. Ta yi masa bayanin bikin, da wahalar da aka sha kafin a samu madarar. Ya kalle su kamar an nuna masa tulunan ruwa.

"Ki rufe su mana, kafin azahar kin dawo," ya ce. "Matar da ta riƙe mu bayan rasuwar Inna ce za ki ce ba ki da lokacinta?"

Nan ya kama ta, kuma ya san ya kama ta. Goggo Asiya ƙanwar mahaifinsu ce, ita ta goya Zulaiha. Ta sauke tukunyar da ta tafasa, ta jera sauran jarkokin a inuwa, ta jiƙa buhuna ta lulluɓe su. Firjinta ba zai ɗauki ko kwata ba, wuta ma babu tun daren jiya. Ta ɗauki mayafinta ta fita, zuciyarta na gaya mata kada ta je.

Motar da aka ce tana jiranta, fasinja take jira. Da suka isa Kanya, manomin ya tafi sharar gona, sai da aka aika a kira shi. Ya zo yana mamaki, ya ce shi tafiyarsa sai bayan mako mai zuwa, kuma ya faɗa wa Malam Jabiru haka a waya. Dawar ma tana cikin rumbu ba a auna ba. Zulaiha ta zauna a kan turmi a tsakar gidan mutane, tana kallon inuwa na tafiya, tana ji a jikinta abin da zafin nan ke yi wa madararta.

Rana ta kusa faɗuwa suka shigo Zuru. Motar ta rage gudu wajen wata majalisa a gindin dalbejiya, sai ta hango Jabiru a kan benci, ya tuɓe hula, ya duƙufa kan dara, yana dariya. Direban ya bi idonta da kallo, ya ce ai tun hantsi Malam yake nan, ya gan shi lokacin da suke fita daga gari.

Tun daga ƙofar shago tsami ya tare ta. Ta buɗe jarkar farko, madarar ta tsinke, ruwa a sama, gudaji a ƙasa. Ta buɗe ta biyu, haka. Ba ta buɗe sauran ba. Ta tsaya riƙe da murfin. Abin da ke cin ranta, da Goggo ce ta faɗi ciwo aka yi wannan asarar, da ta ce ƙaddara ce ta haƙura. Amma an kwashe mata yini ne kawai don wani ya samu ya buga dara.

Washegari ta je kantin Madam Hannah da abin da tukunya ɗaya ta bayar. Ta so matar ta zage ta, da ya fi mata sauƙi. Hannah ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce a hankali, ita ba dangin Zulaiha ta ba aiki ba, Zulaiha ta ba. Ta juya ta kira mai kawo mata lemo a waya, a gabanta.

Daga nan gidan Goggo ta nufa. Ta tarar da Jabiru zaune yana karɓar sa albarka, buhunan dawa jere a zaure, kamar shi ya ɗauko su a ka. Ta gaida Goggo, ta zauna, ta faɗi abin da ya faru tun daga farko, ba ta rage komai ba, har da darar.

Goggo Asiya ta dubi Jabiru. Ta ce ita tun watan jiya ta yi masa maganar wagga dawa, shi ta aika, kuma ba ta sa rana ba. Jabiru ya ce an ɗage taron ne ba zato, kuma bai ga abin tayar da jijiyar wuya a kan nono ba, ai shanu ba su ƙare ba.

"Yaya, kai in ka makara ofis akwai wanda kake jin tsoro," in ji Zulaiha. "Ni da ba ni da mai gida a wurin aiki, shi ya sa kowa ya zama mai gidana? To daga yau, daga asuba zuwa azahar ba ni nan. In ba rasuwa ba ce ko ciwon gaggawa, kada a zo, kada a aiko, kada a kira. Da yamma ina nan, a aike ni ko'ina."

Ya ce lallai sana'a ta sa ta fi ƙarfin zumunci. Ta ce zumuncin da mutum ɗaya ke ɗauka shi kaɗai, dako ne. Goggo ba ta goyi bayan kowa da baki ba, ta dai ce a tashi a yi salla.

Faɗar magana ta fi cika ta sauƙi. A makon farko matar Jabiru ta aiko a ce Zulaiha ta je ta karɓo mata ɗinki wajen tela, tunda tana kusa. Zulaiha ta ce sai bayan la'asar. Wata 'yar'uwa ta zo hira da hantsi, ta samu ƙofa a sakaye, ta ƙwanƙwasa har ta gaji, ta tafi ta baza cewa Zulaiha na ciki tana jin ta. Gaskiya ce, tana ciki, tana gwada zafin madara da bayan yatsa. A gidajen suna aka fara kiran ta Hajiya Mai Ofis. Abin yana yi mata zafi, musamman daga bakin waɗanda ta yi wa jinyar 'ya'ya, amma ba ta buɗe ƙofar ba.

Da safiyar ta zama tata, sai ta ga ashe ba dangi kaɗai ke cin ta ba. Ita ma takan bar tukunya ta kai wa mai shago ɗaya robobi, ta dawo, wani ya kira ta sake fita. Ta daina. Ta ajiye waya a ɗaki har ta gama lulluɓe madara. Ta gaya wa masu shaguna cewa sau ɗaya take rabo, da yamma, wanda yake so ya faɗa tun jiya. Biyu sun yi fushi sun koma wani wuri. Sauran suka saba, don yanzu kaya na zuwa kullum, ba yau akwai gobe an tafi gaisuwa ba. Madam Hannah kuwa, suna gaisawa lafiya lau, amma ba ta sake ba ta aiki ba. Wannan bai warke ba.

Da damina ta faɗi, idon Goggo ya fara hazo, aka ce a kai ta ganin likita, kuma da safe kawai ake duba masu ciwon ido. Zulaiha ta ce ita za ta dafa abinci, ta kuma kwana da Goggo in an dawo, amma rakiyar safe sai dai wani. Aka yi ta kallon-kallo a dangi, har Jabiru ya nemi izini a ofis, abin da ya sha cewa ba ya yiwuwa.

Bayan azahar ya kira ta daga layin asibiti, murya a sama. Ya ce tun safe suke zaune ba a kira su ba, an kashe masa yini guda a banza, ga aiki ya bari a kan tebur. Zulaiha na tsaye a ƙofar shago, mai Keke na ɗora mata kulolin yogot. Maganganu da yawa suka zo mata baki. Ta haɗiye su, ta tambaye shi ko Goggo ta ci abincin da ta aika. Ya ce ta ci. Ta ce to ya ƙara haƙuri, layi yana tafiya. Ta hau Keken, suka nufi shagunan bakin kasuwa.