Na'urar Zaɓen Tashar Jibiya

A shekarun da kuɗin mai suka cika tashar Jibiya da sababbin manyan motoci, Alhaji Ya'u ne sarkin tasha, kuma bai da niyyar sauka. Zaɓensu na layi ne: kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Alhaji kuwa ya kan waiwaya ya ga wanda ya ci amanarsa.

Sai ga Kalilu mai gyaran rediyo, mijin ɗiyarsa Maimuna, ya haɗa wata na'ura da batirin mota. Maɓalli biyu ne bayan tabarma, ka danna na wanda kake so ba wanda ya gani, ita ta ƙirga. Nagoggo, direban Maraɗi da ke neman kujerar, ya yi ta yabonta. Nan fa Alhaji ya fara zargin da wata a ƙasa.

Kalilu ya yi ta zuwa zauren Alhaji, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa yana zanen ƙasa da tsinke. To, wane ɗan mutunci ne zai haɗa ido da surukinsa, balle ya yi masa raɗa? Sai ya gaida shi, ya yi ta kame-kame, ya tashi.

"Ka ga munafuki," in ji Alhaji a ransa. "Kunyar abin da ya ƙulla yake ji."

Ya tara dattawan tasha ya ce, "Ku kafa doka! Duk abin da ke cin batir, kada ya kusanci zaɓenmu. Mu ba aljani ke ƙirga mu ba." Aka kafa, Alhaji har da rabon goro.

Ran zaɓe aka ja layi. Wayyo! Samarin direbobi masu agogo da tabarau, waɗanda kuɗi ya wanke wa kunya, suka yi tururuwa bayan Nagoggo. Da Alhaji ya waiwaya, tsofaffi ne tsiraru, ɗaya ma inuwa ya biyo.

Ya koma gida yana huci, ya tarar da Maimuna ta kawo fura.

"Mijinki ya so kayar da ni da ƙarfe, sai ga mutane sun hutar da shi!"

Ta rufe baki da gefen gyale. "Haba Baba! Ai duk maɓallin da aka danna, kai take ƙirga wa. Abin da yake ta zuwa gaya maka ke nan."

Alhaji ya daɗe riƙe da ludayi. Can ya ce, a hankali, "Dokar nan... wa ke da ikon soke ta?"

"Sarkin tasha mana, Baba."