An Ajiye, Gwaggo

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero yana tsakiyar fidda kai, matan wani ƙauye kusa da Maijirgi ba su da abin da ya rage musu sai jajayen awakinsu. Uwani ce shugabar ƙungiyarsu. Mace ce mai jan mutane a jiki, ba ta yi lakwal ba, ko ajin farko na boko, amma ita ake turawa gaba duk inda za a yi magana da hukuma. Harawa ta ƙare, dusa ta yi tsadar da ba a taɓawa. Kullum da safe sai ta shafa bayan uwar garkenta, ta ji ƙashi yana ƙara fitowa.

Sai ga labari a rediyo: wani ofishin raya karkara a Tasawa zai sayi jajayen awaki, a raba wa ƙauyukan Mayahi da dabbobinsu suka mutu. Kuma wannan karon, in ji mai sanarwa, tun da sojoji suka sa wani kaftin a kan ofishin, ba a kai takarda hannu da hannu. Kowa ya shigar da tayinsa ta odinate, na'urar nan mai allo, ranar buɗewa a haska tayin kowa a bango kowa ya gani.

Uwani ta daɗe tana ajiye dosiye, takardun neman kwangila. Haka ake cewa: ka je biro, ofishin hukuma, ka ajiye, ka koma gida ka jira. Ta sha ajiyewa, ta sha jira, kwangila ta sha tafiya wurin masu dogayen riguna.

"To yanzu na'ura ba ta da suruki," in ji Rakiya, ma'ajin ƙungiya, tana dariya. "Ba ta cin goro kuma."

Suka hau amalanken jaki zuwa bakin titi, suka shiga mota zuwa Tasawa, wurin Abdussalamu, ɗan ƙanen mijin Uwani, magidanci mai shagon odinate a bayan kasuwa. Ya zaunar da su, ya yi ta tambaya yana bugawa: awaki nawa, shekarunsu, takardar allura. Yana kai ƙarshe sai wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi. Uwani ta dafe ƙirji.

"Wayyo, ya tafi ke nan?"

"Kwantar da hankalinki, Gwaggo," in ji shi, yana share gumi. "An ajiye. Na gani da idona kafin ta ɗauke."

"An ajiye?"

"An ajiye, walle."

Sai aka kira shi waje, wai a zo a duba injin wutar maƙwabci. Uwani ta dubi Rakiya, Rakiya ta dube ta. Tun da an ajiye, me ya rage? Suka bar masa gaisuwa wurin mai shayi, suka bi motar yamma.

A ƙauye Uwani ta hana kowa sayarwa. Dillalai suka yi ta zagaye da tayin wulaƙanci, tana kora su. Shatu, wadda awakinta biyu suka kwanta, ta zo tana kuka.

"Yaya Uwani, ki bar ni in fidda ko guda, yara ba su ci ba."

"Ki yi haƙuri, Shatu. Mun ajiye. Wannan karon ba mai ture mu."

Kafin ranar buɗewa ɗaya daga cikin awakin Shatu ta mutu.

Ranar, Uwani ta ɗaura zanenta na salla. Zauren ofishin ya cika, kaftin yana zaune gefe da hularsa a gwiwa. Wata ma'aikaciya, Madam Zalika, ta haska sunaye a bango tana karantawa ɗaya bayan ɗaya, da farashin kowa. Uwani ba ta iya karatu ba, kunne ta kasa. Duk farashin da aka faɗa ya fi nasu tsada. Rakiya ta matse mata hannu. Sai Madam Zalika ta ce, "Shi ke nan."

Uwani ta miƙe.

"Ranki ya daɗe, ba a kira mu ba."

Madam Zalika ta tambayi sunan ƙungiyar, ta duba, ta daɗe tana dubawa. Da ta ɗago, muryarta ta sauka.

"Inna, ga shi nan. An ajiye shi, amma ba a aiko ba."

"Mi ne ne bambancin?"

"Ajiyewa, yana nan wurinku, kamar ki ɗaure kaya ki bar shi a ɗaki. Sai an danna aikawa, lamba ta shigo wayarki ta salula, ki faɗa a buga ta, sannan ya iso gare mu."

Uwani ta tuna salularta da ke rataye a bukka, babu caji tun makon jiya. Ta juya wurin kaftin.

"Ranka ya daɗe, ga shi a ciki, kowa ya gani. A buɗe mana."

Kaftin ya juya hularsa a hannu.

"Inna, in na buɗe miki yau, gobe wani mai babbar riga zai ce a buɗe masa. Ƙofar da ta hana su ita ce ta hana ki. Ba ni da mabuɗinta."

Ba ta yi musu ba. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ta san gaskiya ya faɗa.

A bakin ƙofa suka tarar da Abdussalamu, ido ja.

"Gwaggo, na dawo ban same ku ba. Na yi ta kira, a kashe. Na zaci kun je wani shagon kun aika."

"Kai ka ce an ajiye."

"An ajiye na ce, ban ce an aika ba."

"Mu a wurinmu ɗaya ne, ɗana," in ji ta. Ta wuce neman mota.

Wanda ya ci kwangilar ɗan kasuwa ne, ba shi da ko akuya guda. Bayan kwanaki dillalansa suka sauka ƙauyen da babbar mota, da tayin nan dai da Uwani ta sha korewa. Wannan karon ba ta hana kowa ba. Shatu ta wuce ta da akuyarta ɗaya da ta rage, ba ta gaishe ta ba.

Uwani da kanta ta ja uwar garkenta zuwa motar. Akuyar ta tirje, ta juyo tana kuka. Wani dillali ya ɗaga ta sama, ya kwance igiyar, ya miƙo wa Uwani. Motar ta kama hanyar Mayahi, ita kuwa tana tsaye da igiya a hannu har ƙarar ta ɓace.