Hannun Tafinta

A cocinsu, in aka ce Kafinta da Tafinta, ba wanda yake tambayar su wa ake nufi. Kafinta shi ne yayan, sanƙarau ya tafi da jinsa tun yana ɗan shekara huɗu, ya bar masa murya. Tafinta kuwa ƙanwarsa ce, autar gidansu, wadda ta koyi maganar hannu tun kafin ta iya rubuta sunanta, don kawai ta riƙa kai masa ƙarar yaran da suka tsokane ta. Duk ranar Lahadi takan tsaya a hagun mumbari tana fuskantar bencin kurame, tana mayar musu da wa'azin Fasto da waƙoƙin sujada zuwa hannu.

Tana da dokokinta na aiki, kuma ba ta wasa da su. Riga mai duhu marar zane, don hannu ya fito sosai. Ba zobe, ba awarwaro, farce a yanke. Babbar dokar kuwa ita ce wadda take faɗa wa duk mai son koyo: tafinta ba shi da bakin kansa. Abin da aka faɗa shi zai faɗa, ba ragi ba ƙari. In mai magana ya ce "ni", shi ma ya nuna ƙirjinsa ya ce "ni", ko da maganar ba ta yi masa daɗi ba.

Rayuwarta dai sai godiya. Sauran kwanakin mako tana aiki a wani kantin magani, tana da miji mai haƙuri da 'ya'ya biyu masu surutu da baki da hannu duka. Bayan an tashi daga sujada sukan wuce shagon Yaya, a share ƙurar katako daga kan tebur a ci abinci, ana hira ana nuna juna da cokali. Bencunan cocin nan duka shi ya haɗa su, shi ya sa ya san wanda ya fi ɗaukar motsin ganga. A kansa yake zama, a layin gaba. Da an fara kiɗa sai ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan katakon, ya lumshe ido, ya buɗe baki ya yi waƙa. Waƙar tana bin hanyarta, muryarsa tana bin tata, ba su taɓa haɗuwa ba ko a mararraba. 'Yan cocin sun saba, har in bai zo ba sai su ji sujadar ta yi salam.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Tafinta a maƙogwaro, shekara biyu ke nan. Akwai wata budurwa mai ɗaukar sujada a bidiyo don shafin cocin, kowa yana kiranta 'Yar Kyamara. Wata rana ta yanko wurin da Yaya yake waƙa ido rufe, ta ɗora kukan akuya a kai, ta tura wa ƙawayenta don su yi dariya. Abin waya kuwa ba ya zama inda aka ajiye shi. Kafin sati ya zagayo, wani mai sayen maganin tari ya miƙo wa Tafinta wayarsa ta saman teburin kantin yana ƙyaƙyata dariya, wai ta ga abin ban dariya. Ta ga yayanta.

Ranar ta yi faɗan da ba ta taɓa yi ba. Fasto ya sa aka goge abin da za a iya gogewa, yarinyar ta aiko da saƙon ban haƙuri, Tafinta ta karanta ba ta amsa ba. Ta tara mijinta da matar Yaya da duk wanda ya iya ɗaga hannu ya yi magana, ta ja musu kunne cewa kada wanda ya kuskura ya bari Yaya ya sani. Tun daga nan, in kyamara ta juyo wajen bencin kurame sai ta ɗan gusa ta tare shi da jikinta. In sun yi kiciɓis da yarinyar a bakin ƙofa kuwa, sai ta tuna ta bar wani abu a jaka. A zuciyarta ba ta kiran wannan gaba, tana kiransa kare ɗan'uwa, har tana ɗan jin daɗin kanta a kai.

Sai cocin ta shirya taron farkawa na kwana biyar, daga Laraba zuwa Lahadi, kan batun gafara. Taron ya yi albarka, ba a magana. Dattawan ikkilisiya biyu da suka shekara bakwai ba sa gaisawa suka rungumi juna a gaban jama'a. Wata uwa ta kira ɗanta a waya tana tsaye a tsakiyar coci. Tafinta ta fassara duk wannan da zuciya ɗaya, tana cewa a ranta lallai mutanen nan suna bukatar wannan wa'azin. Kwana huɗu maganar gafara tana bi ta hannunta tana wucewa, kamar ludayi da ke wuni cikin miya bai san ɗanɗanonta ba.

Ranar Lahadi da safe aka zo lokacin ba da shaida. Cocin ta cika har bakin taga, bencin kurame ma ya cika, mutum goma sha ɗaya, Yaya a wurinsa na kullum. Mutum biyu suka yi tasu shaidar suka zauna. Sai 'Yar Kyamara ta miƙa wa wani kyamararta, ta tako gaba, ta karɓi abin magana da hannu biyu.

Tafinta ta fara fassara kamar yadda ta saba. Ta nuna ƙirjinta ta ce ni, ta ce akwai wanda na yi wa laifi a cikin ɗakin nan. Sai ta ji yarinyar ta ambaci bidiyo, ta ambaci Baba Kafinta. Hannun ya tsaya cak a sama.

Fuskoki goma sha ɗaya suka zuba mata ido. Su ba su san abin da ake faɗa ba sai abin da hannunta ya ba su, kuma ta san haka sarai. Tana iya cewa yarinyar tana gode wa Allah ne don ta sami lafiya, ba mai kama ta, don a cikin masu ji ba wanda ya iya maganar hannu sai 'ya'yanta ƙanana da mijinta, shi ma rabi da rabi. In ta yi haka ta yi ƙarya da hannunta a gaban Ubangiji, ga mutanen da suka ba ta amana. In ta faɗi gaskiya kuwa, Yaya zai san an yi masa dariya a wayoyin duniya, watakila ya rufe bakinsa ya daina waƙa har abada. Gaba kura, baya siyaki. Tsoro ya kama ta, kuma haushin yarinyar ya ƙaru, don ba ta ga dalilin da za ta zo ta sauke nata kayan a kan wanda bai san komai ba.

Yaya ya ƙwanƙwasa benci da bayan yatsa, yadda yake yi in yana son a dube shi. Ya tambaye ta da hannu me yarinyar take cewa. Bai ɗaure fuska ba, jira kawai yake, irin jiran wanda bai taɓa zaton za a ɓoye masa magana ba. Wannan kallon ne ya karya ta. Ta ga cewa in ta rufe shi yau, ita ma ta mayar da shi wanda ake yi wa abu a gabansa don ba ya ji.

Ta juya wajen yarinyar, karo na farko cikin shekara biyu, ta ce, "Sake daga farko. A hankali, don in bi ki."

Yarinyar ta sake. Tafinta ta nuna ƙirjinta ta ce ni na ɗauke ka kana waƙa. Ni na ɗora kukan akuya. Ni na tura, aka yi ta dariya. Kowace kalma sai da ta bi ta yatsunta, ba ta rage ko ɗaya ba. Da yarinyar ta ce shekara biyu tana ɓoye masa, tana kallonsa tana jin nauyi, sai Tafinta ta ji maganar ta zauna mata daidai kamar an auna ta. Ta kai hannu ƙirji ta ce ka yafe mini, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san ko roƙon wa take faɗa ba.

Yaya ya tashi, ya gyara rigarsa, ya tako gaba ba gaggawa. Ya tsaya kusa da yarinyar, ya yi wa ƙanwarsa alama ta zama bakinsa. Ta share fuska, aka miƙo mata abin magana, ta fara faɗin abin da hannunsa yake faɗa.

"'Yata, ai na gani. Kwana uku da fitarsa mai sayar mini da katako ya nuna mini. Ni kurma ne, ba makaho ba."

Dariya ta ɓarke a cocin, irin wadda take zuwa bayan an daɗe da riƙe numfashi. Tafinta ba ta yi ba, bakinta kawai yake aiki. Ya ce abin ya yi masa ciwo, ba zai ɓoye ba, har Lahadi biyu bai yi waƙa ba. Ta tuna Lahadin nan biyu, ya ce mata mura ce, ita da kanta ta kawo masa magani daga kanti. Ya ce daga baya ya zauna ya yi tunani, ya ga cewa wanda yake yi wa waƙar bai taɓa cewa ba ta yi daɗi ba, kuma Yesu ya yafe masa abin da ya fi wannan. Ya juya ya nuna bencinsu. Ya ce lokacin da aka ɗauki bidiyon su huɗu ne a kai, yanzu a ƙirga. Ya nuna wata mata mai aikin wanki da guga a layi na biyu, ya ce a tambaye ta yadda aka yi ta zo. Matar ta yi murmushi ta amsa da hannu daga zaune, Tafinta ta faɗa da baki: a wayar maƙwabciyarta ta ga bidiyon, ita ba ta ji akuya ba, mutum ta gani yana waƙa da dukan zuciyarsa, a gefe kuma ga wata mata tana fassara da hannu. Shi ne ta yi ta tambaya har ta gano cocin, ta kuma jawo wasu.

Tafinta ta sha ganin bencin yana cika, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ta ɗauka ƙwarewarta ce.

Yaya ya dafa kan yarinyar da hannu ɗaya, ya yi magana da ɗayan. Doka doka ce. Tafinta ta dubi wadda ta shekara biyu tana kauce wa, ta ce, "Na yafe miki, tuntuni."

Jama'a suka ce amin, yarinyar ta durƙusa tana kuka. Ana cikin haka Yaya ya ɗan juya wa mutane baya, ya yi magana ƙasa-ƙasa kusa da ƙirjinsa, yadda suke yi tun suna yara in ba sa son a gani. Ya kira ƙanwarsa da alamar sunanta, ya ja leɓen kunne sau biyu.

"Auta, wannan tawa ce kika faɗa. Ina taki?"

Ta tambaye shi da hannu me ya hana shi gaya mata ya sani. Ya ce ya ga ta ɗauki kayan da ƙarfinta, tana tare kyamara kamar mai tsaron gida, ya rasa ta inda zai ce mata tana fushi da fushin wani. Ya ce kullum yana yi mata addu'a ta gaji ta sauke. Kunya ta kama ta, sai kuma dariya ta zo mata tare da hawaye, ta ji ƙirjinta ya yi sakayau.

Ta ajiye abin magana a kan mumbari, ta sauke hannuwanta, ta sunkuya ta ɗago yarinyar. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ba ta jama'a ba ce.

"Waccan ta Yaya ce. Ga tawa, ƙanwata. Na yafe miki, ni ma ki yafe mini. Na ga saƙonki tun ranar."

Fasto bai ƙara wa'azi ba, ya ce a tashi a yi waƙar rufewa. Mai ganga ya fara, Yaya ya koma wurinsa ya shimfiɗa tafin hannu a kan katako, ya lumshe ido. 'Yar Kyamara ta karɓi kyamararta, ta tsaya tana shakka, ta dubi Tafinta. Tafinta ta matsa gefe taku ɗaya, ta bar mata hanya, ta ɗaga hannu ta shiga waƙar. Muryar Yaya ta tashi ta bi hanyarta kamar kullum, ba wanda ya tare shi.